Amarya Ta Sha Lalle, Tiyo Ya Sha Shekaru

Ni dai ba na tausaya wa mutumin da ya zuba dukiyarsa a fenti da kujerun fata don tayar da tsohuwar motar MGB, ya bar tiyon mai yadda ya same shi. Tun 1980 aka daina ƙera motar nan a Abingdon ta Ingila, bayan shekara 18 ana fitar da ita, don haka ko autarsu ta haura arba'in. Roba kuwa ba ta tsufa da mutunci. Ka gan ta baƙa sumul, da ka lanƙwasa ta sai tsaga ta buɗe kamar faso a hunturu. Ana cikin haka, a Satumbar 2021 man gama-gari a Birtaniya ya koma E10, mai itanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ke cin tsohuwar roba, ya jawo danshi ya sa wa tanki da bututun ƙarfe tsatsa. Ga shi a injin MGB kafireta biyu suna zaune daidai saman bututun salansa, faranti ɗaya ne tsakani. Wato an ɗora tukunyar fetur a kan murhu, an ce Allah ya kiyaye.

Masu son kayan asali za su ce sauya tiyo rage wa mota daraja ne. To, ban san mai sayen toka da tsada don ta asali ce ba. Wasu su ce ai akwai E5 a gidan mai. Akwai, amma shi ma yana iya ɗaukar itanol har kashi 5, kuma ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta wahala, kuma na yarda da ita: bututun daga tanki a baya ya taso ya bi ƙarƙashin mota, sai an kwanta rigingine, tsatsa na zuba a ido, noti ya ƙi motsi, ragowar fetur na gangarowa ta hannun riga har hamata. Duk da haka wahalar yini ce, da tiyo mai lamba R9 da bututun jan ƙarfe mai gaurayen nikel. Motar ma da bakinta take faɗa. Murɗa makulli, famfon mai na SU zai yi ƙas-ƙas-ƙas, ya yi tsit in kafireta ta cika. In ya ƙi yin shiru, galibi mai ya sami wata hanyar fita, maigida kuwa yana can gaba da tsumma yana goge bamba.