Kowa da Abin da Ya Kai Shi Digirgir

Malaman 'Yandoto na da, waɗanda Muhammadu Bello ya ci garinsu da yaƙi a farkon jihadi, babu wanda ya taɓa tambayarsu takardar shaida. Jikokinsu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu kuwa sai da digirin digirgir, kuma kowa da abin da ya kai shi.

Mafi yawa 'yan ƙarin girma ne. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013 suka gane ba a zama babban lakcara sai da "Dakta" a gaban suna. Mutum zai kama hanyar Zariya ta Tsafe da Funtuwa, addu'ar da yake karantawa a mota ta fi karatun da ya yi wata guda, ya isa a ce masa mai duba aikin ya tafi taro Abuja. In ya gama, ƙarin da za a yi masa a albashi sai ya yi shekaru bai mai da kuɗin mota ba, balle na buga kundi da kajin ranar kare shi.

Mai cin tallafin karatu na TETFund gani yake ya fi shi wayo. Fanni bai dame shi ba, Maleshiya yake so, da rarar guzurin da zai ɗora gini. Sai naira ta faɗi a 2023. Digiri dai ya zo da shi, gini kuwa yana nan iya taga.

Akwai mai babi na uku. Duk sallar da kuka haɗu, "Wallahi saura kaɗan." Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 har gobe shi yake ɗora wa laifi.

Hajiya kuwa kishiyarta ce ta yi digiri na biyu.

Alhaji ɗan siyasa bai ga dalilin wannan wahala ba. Ya ba da gudummawa, an saka masa riga da hula, gari ya waye fasta ta ce Alhaji Dakta. A lissafin kuɗi shi kaɗai ya ci riba.

Na ƙarshe karatun yake so tsakani da Allah, abin da ke ɗaure wa dangi kai. Tsohon babur gare shi. Abokinsa da ya bar makaranta a aji uku, yanzu dillalin hatsi a kasuwar Tsafe, shi ke ba shi rance, kuma da ladabi: "Allah gafarta Dakta, ƙarshen watan nan ko na gaba?"