Ranar da Ɗan Wake Ya Ci Amanata

Likitan da ya raba ni da burodi Bayarabe ne, ni kuwa Bagobiri, ga tsage nan a fuskata ba ya ɓuya. Shi ya sa da ya ɗago kai daga takardun gwaji ya ce, "Daga yau kai da alkama har abada," sai na kwashe da dariya. Na ce, "Likita, wasan taubasai har a asibiti? Lallai bawa ya samu wuri." Ya dara, ya ce ai duniya ta san Gobirawa ne bayin Yarbawa, amma zancen alkama babu wasa a ciki.

Shekara uku ina fama. Ciki ya kumbura kamar ganga, ga gudawa, ga jiri, ga ramar da ta sa wandunana suka yi mini yawa. Na sha maganin taifot, na sha na basir, na sha sassaƙen da ko akuya ta sansana sai ta ja da baya. Sai da aka ɗebi jinina a wani asibiti a Sakkwato, aka zura mini bututu mai kyamara ta baki har cikin hanji, sannan aka kama ɓarawon. Sunansa giluten, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Mai cutar siliyak irina in ya ci shi, garkuwar jikinsa ce ke huce haushi a kan hanjinsa, ta sisiye shi har ya kasa tsotsar amfanin abinci. Likita ya ce wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama: a yunwar da aka yi can a 1944 zuwa 1945 burodi ya ɓace, sai yara masu ciwon suka murmure, burodi na dawowa suka sake kwantawa. Magani ɗaya ne, a daina ci.

Na yi wa kaina ta'aziyya. Na ce kakanninmu sun rasa birnin Alkalawa sukutum a 1808 sun daure, ni da alkama kawai aka ce in bari?

Wautar farko a Sakkwato na tafka ta. Na aika wani aboki da ke Abuja ya sayo mini garin da aka rubuta a jikinsa cewa babu giluten, ƴar leda mai ƙyalli, a kuɗin da zai sayi tiya huɗu ta hatsi. Uwargida ta farke ledar, ta sansana, ta lasa, ta dube ni. "Malam, wannan ai garin dawa ne." Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ashe gero da dawa da masara da shinkafa da acca da wake da rogo duk babu ruwansu da giluten. Abin da na yi shekara ashirin ina gudu don a ce na waye, shi ne Turawa ke sawa a leda suna tsawwala masa kuɗi.

Saboda haka da bikin ƙanwata ya taso a garinmu Bafarawa, murna na yi. Ƙasar Isa da Sabon Birni ai ƙasar gero ce: hura da rana, tuwo da dare, ɗumame da safe. Na ce sati guda zan yi ina ci ba tare da tambayar kowa me aka sa a ciki ba.

Na manta abu guda. Ni yanzu baƙo ne, kuma ɗan birni, a garinmu kuwa da alkama ake girmama baƙo. Tun da can abincin sarakai da attajirai ce, ita ake yi wa amarya alkaki da dubulan na gara, ba a ba mutumin banza.

Washegari da safe Goggo ta aiko mini da shayi mai kauri da burodi guda, wanda sai da aka tura yaro bakin tasha ya sayo. Da rana taliya da manja. Da dare, don a nuna mini gidan bai lalace ba, aka tuƙa mini tuwon semo ni kaɗai, wanda shi ma alkama ce ta sauya riga. Ina zaune a zaure da kwanon a gaba, ina hangen yara sun kewaye akushin tuwon dawa da miyar kuka, ƙanshin daddawa na dukan hancina, hawaye ya kusa zubo mini.

Da kwanuka suka koma a cike sau uku, Goggo ta taso da kanta.

"Kai ɗan nan, mi munka yi maka? Ko abincinmu na ba ya ciwuwa?"

Na durƙusa na yi bayani, tun daga giluten har Holan. Ta saurara tsaf, ta gyaɗa kai. "Na gane. Iska na wanda bai son alkama. Akwai irinsu." Kafin la'asar an kawo mini rubutun sha da turaren hayaƙi.

Yunwa ba ta san girma ba. Da asuba ta uku na lallaɓa madafa, na tarar da ɗumamen yara a tukunya, na tsuguna ina ta zuba loma da babbar riga a jikina. Ina ɗagowa sai ga matan biki su biyar da butoci suna kallona. Kafin hantsi labari ya gama unguwa cewa an kore ni daga aiki, har na koma kwasar ɗumamen yara. Kawu ya ja ni bayan rumbu, ya danƙa mini naira dubu a tafin hannu, ya ce, "Riƙe wagga, duniya rawar ƴan mata ta. Kak ka hwaɗa ma kowa." Na karɓa. Me zan ce?

Duk da haka na tsallake alkaki, na tsallake cincin da fanke, na tsaya a kan nakiya da hura. Ranar komawa ce ta kayar da ni.

Muna jiran mota ta cika sai ga yarinya da tallan ɗan wake, yana tururi, ga yaji ga man gyaɗa. Ni a sanina ɗan wake garin wake ne da na rogo, sai kuka da kanwa, haka Inna take yi muna yara. Amma na yi hattara, na tambaya: "Ƴan mata, akwai alkama a ciki?" Ta rantse babu. Na cinye kwano guda, na ƙara. Ina suɗe yatsa na ce ɗan waken nan ya yi santsi, wane irin wake ne haka?

"Wake kuma, Malam? Wa ka sa wake da tsadar ga? Hulawa ta tsantsa."

Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. A wurinta alkama ita ce tsabar da ake aunawa a kasuwa, fulawa kuwa wata aba ce fara da ke zuwa cikin buhu.

Duk wanda ya san hanyar Isa zuwa Sakkwato ya san dajin Gundumi, ya kuma san a ƴan shekarun nan direba ko tayarsa ce ta yi faci ba ya son tsayawa a wurin. Daidai nan cikina ya fara kiran sallah. Na ce, "Direba, don Allah minti biyu." Ko waiwaye bai yi ba. "Alhaji, nan ko uwata ta ce in tsaya ba ni tsayawa." Fasinjoji na ta addu'ar Allah ya raba mu da ƴan bindiga, ni ma ina amin da ƙarfi fiye da kowa, gumi na zuba, amma abokin gabana yana cikin motar tare da ni. Wata tsohuwa da ke gefena ta ga yadda nake murɗewa, ta ce wa sauran, "Bawan Allah ga akwai tsoro."

Yadda muka kai Marnona da yadda na fita ta kan cinyoyin mutum uku, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Kwana huɗu na yi a kwance.

Bayan sati biyu Goggo ta aiko mini da buhun gero da ƙullin kuka, da saƙon cewa a gaida iskan, tana ganin mai sauƙin kai ne tunda abincin talakawa yake so. Kawu kuma har yau bai yarda ina da aiki ba.

Jama'ar Bafarawa, ina nan tafe da Babbar Sallah. Don girman Allah kada a tura yaro tasha sayen burodi. A zuba mini a akushin yara.