Ladan Gini da Ladan Hoto

Tun daga shekarar 1900, sa'ad da Bishop Tugwell da Likita Mila suka iso Kano da nufin kafa mishan, Sarki Alu kuwa ya umarce su da su koma inda suka fito, ba a taɓa rasa baƙon da zai tsallako teku don neman lada a ƙasar Hausa ba. Illa dai na da, irin su Mila, wanda ya zauna Zariya ya laƙanci harshenmu har ya sa hannu a tarjamar Littafi Mai Tsarki ta 1932, zuwan tsufa suke yi, na zamanin nan kuwa hutun mako biyu ne.

Mu ƙaddara ayarinsu ya sauka wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure don gina makaranta: samari da 'yan mata daga Amurka, riguna iri ɗaya, kowa da gorar ruwa da man kariyar rana, hannuwa kamar auduga, waɗanda ba su taɓa ɗaga kwanon sarki ba sai ranar nan. Su yini suna jera bulo, kowane bulo yana fuskantar alƙiblar da ya ga dama, ana ɗaukar hoto da yara; in dare ya yi, maginin gari, wanda ya yi furfura a kan sana'ar, ya kunna fitila ya rushe ya sake ɗorawa, da safe kuwa baƙi su yi ta mamakin yadda bangonsu ya miƙe cikin dare. Alhali kuɗin jirgin mutum guda ya isa a yi wa aji rufin kwano.

Amma kada dariya ta shagaltar da mu, domin mu ma da namu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudanan Kadawa, Allah ya yalwata mana shinkafa da alkama, da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa Ikko. Ga magina, ga matasa majiya ƙarfi, ga aikin gayya da muka gada kaka da kakanni. Duk da haka, in iskar farkon damina ta yaye rufin firamare, daga Kumbotso har Bunkure, sai mu tsaya gindin darbejiya muna jiran gwamnati ko Bature.

In abin ya dame mu ƙwarai, sai a kira taron gidauniya. A kafa rumfuna, a yi hayar kujeru, sanƙira ya riƙe lasifika yana cewa, “Alhaji, ranka ya daɗe, jama'a na sauraro!” Alhaji ya gyara babbar riga ya yi alkawarin siminti tirela guda, fisabilillahi, a ɗauki tafi da guɗa. Bayan kwana bakwai kwamiti ya yi sallama a ƙofar gidansa, a ce yana barci. Su koma, a ce ya tafi Umra. Da ma'aji zai yi lissafi, sai a tarar kuɗin lemo ya haura abin da aka tara. Harsashin da aka aza kuwa, hotonsa na Facebook, awaki na kwana a kansa.

Malamanmu sun daɗe suna gargaɗi cewa riya tana cinye lada, kuma in za a yi adalci, baƙon nan ko ba komai ya yi gumi, mu kuwa sai jawabi. Saboda haka, ya kai mai neman sadaka mai gudana, ko daga Amurka kake ko daga Panshekara, miƙa wa magini cokalinsa, ka sayi kwano da ƙusa, ka biya malami haƙƙinsa, ka bar mai hoto a gida.