Mu da Wufar Bayan Mota

A unguwarmu in saurayi ya sayi mota, kowa ya san abin da ke biyo baya. A wanke ta, a kai ta gida iyaye su sa albarka, 'yan majalisa su zagaye ta suna "Allah ya tsare, Allah ya kawo wadda ta fi ta." Kafin sati ya zagayo kuma sai ka hango ta a gindin bishiyar mai wayarin, but a buɗe, an ciro kujerar baya an jingine ta da bango. Za a sa mata wufa ke nan. Golf ce, Corolla ce, 406 ce ko tsohuwar Honda 'yar Kwatano, duk ɗaya ne a wajenmu. Hatta masu Adaidaita Sahu, da ba su da but ɗin kirki, sai sun samo inda suka cusa akwati a bayan kujera.

Ni dai ban ga laifinmu a nan ba. Mutanen da suka tashi suna jin tamburan Sarki ranar hawan Sallah, suka san gangar noma da kalangun 'yan dambe, ba za su gamsu da kiɗan da ke tsayawa a kunne kaɗai ba. Mu kiɗa sai mun ji shi a ƙirji. Wufa ganga ce da muka ɗauka muka sa a but. Ƙananan sifikun da ke jikin ƙofa ba za su iya wannan aikin ba, domin sauti mai kauri sai an tura iska mai yawa, shi ya sa ake neman faffaɗar sifika mai inci 10 ko 12. Rediyon motar ma ba shi da ƙarfin juya ta. Ko an rubuta wat 50 sau huɗu a goshinsa, abin da yake bayarwa na gaskiya bai cika wuce wat 20 a kowace sifika ba. Daga nan amfilifaya ta shigo zancen, kuma daga nan ne kuɗi ke fara fita.

Yadda muke sayayyar ma abin kallo ne. Mutum zai ɗauki aboki biyu, a ratsa Ƙofar Ruwa, a faɗa Sabon Gari, ana ɗaga kwali ana ajiyewa. Idonmu ba ya zuwa ko'ina sai kan lambar da aka buga da manyan haruffa: 2000W, 3000W. Wanda ya samu mai dubu uku ya riga ya yi wa mai dubu biyu fintinkau a majalisa tun kafin a ɗaura. Alhali wannan lambar ta ƙarfin ƙiftawar ido ce. Lambar da ke da amfani ƙarama ce, tana maƙale a gefe ko cikin takarda, an rubuta RMS kusa da ita, ita ce ƙarfin da abin zai iya riƙewa yana ta aiki. Wufar da ke ɗauke da 1400W a kwali kan zo da 300 ko 400 a nan. Wanda ya sani, da wannan ƙaramar lambar yake haɗa wufa da amfilifaya, ya kuma duba om ɗinsu, 4 ne ko 2, don kada ya ɗora wa amfilifaya nauyin da ba a ƙera ta dominsa ba. Wasu sun fi yarda da tsohuwar Pioneer ko Kenwood 'yar Beljiyam a kan sabuwa fil mai sunan da ba wanda ya taɓa ji, kuma sau da yawa suna da gaskiya.

To amma inda nake so mu tsaya mu yi magana ta tsakani da Allah shi ne waya. A nan muke gazawa. Mutum ya zuba kuɗi a wufa bai yi ƙorafi ba, ya biya amfilifaya yana murmushi, da an zo kan waya da fis sai ka ji, "Oga, ba wadda ta fi wannan sauƙi?" Ba komai ya jawo haka ba sai don waya a ƙarƙashin kafet take kwana, ba mai ganinta balle ya yaba.

Akwai wani dattijon mai wayarin a bakin titinmu da ba ya musu da kowa a kan wannan. In ka kawo wayarka, sai ya zaro 'yar wuƙa, ya fere roba, ya kankare silin da ke ciki a gabanka. In ya ga ja har ciki, ya gyaɗa kai. In kuwa jan ya goge, fari ya bayyana, sai ya miƙo maka ita ya ce, "Ɗana, wannan alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Zan ɗaura maka in ka ce, amma sai dai mu ƙara kauri." Gaskiyarsa. Alminiyam ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka take iyawa. Ga wata dabara ta 'yan kasuwa kuma: roba mai kauri, silin ciki ɗan siriri. A ido waya ce ƙatuwa, a aiki kuwa zafi take yi. Araha ba ta ado.

Ku yi lissafin da kanku. Mota na tafiya a kan bolt 12, in inji na aiki ya kai wajen 14. Amfilifayar da ke ba da wat 500 na gaskiya tana iya zuƙar amfiya 45 ko fiye in an matsa mata. Altanetar ƙaramar mota kuwa yawanci tsakanin amfiya 70 da 90 take bayarwa, kuma a ciki fitila za ta ci, fanka za ta ci, esi zai ci. Shi ya sa da daddare za ka ga fitilar wani tana lumshewa tana buɗewa daidai da bugun kiɗa. Yara na ganin burgewa ce. Mai wayarin kuwa ya san batir ne da altaneta ke shan wahala, kuma ba da jimawa ba za a fara neman masu turi da asuba.

Aikin kansa, in a hannun mai hankali yake, ba gaggawa a cikinsa. Da farko zai cire kan batir na negatif ya ajiye gefe. Jar wayar da ke kai wa amfilifaya wuta daga kan batir take tasowa kai tsaye, ta ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, kuma ta cikin zoben roba ake zura ta, don kada kaifin ƙarfe ya riƙa cin ta a hankali duk lokacin da aka faɗa rami. Fis ɗin nan da muke rainawa a kusa da batir ake sa shi, kada ya wuce inci 18. Mutane da yawa na cewa ai amfilifaya tana da nata fis a jikinta. Wancan ita yake karewa. Na kusa da batir motar yake karewa, domin in wayar ta goge ta taɓa bodi a ƙarƙashin kujera, ba abin da zai tsayar da wutar batir sai shi. Babu shi, waya ta yi ja, kafet ya kama. Wannan ba abin wasa ba ne, da mutane a ciki ake tafiya. Kuma don Allah mu daina abin nan na naɗa silin waya a gurbin fis in ya ƙone. Ƙonewarsa gaya maka yake yi akwai matsala a wani wuri.

Wayar at, wadda ke haɗa amfilifaya da bodi, gajera ake so, kaurinta daidai da na jar. Na tsaya na kalli dattijon nan yana yin ta: ya ɗaga kafet ɗin but, ya nemi ƙarfe mai kauri, ya sa samfefa ya goge fenti har wurin ya yi ƙyalli kamar faɗin kwabo, sannan ya ɗaure da noti ya ja da hannu ya ji ba ta motsi. Kafin ya huda ko'ina sai ya durƙusa ya leƙa ƙasa, saboda tankin mai da bututunsa a nan kusa suke. Wayoyin sauti ya bi da su ta ɗaya gefen motar, nesa da jar, don kada ka riƙa jin kukan inji a sifika yana hawa yana sauka da totur. Sai 'yar siririyar shuɗiya da ke tasowa daga bayan rediyo, wadda ke kunna amfilifaya ta kuma kashe ta. Wanda ya yi ganganci ya haɗa ta kai tsaye da batir, amfilifayarsa ba ta barci, gari na wayewa batir ya mutu.

Akwati kuma na kafinta ne, kuma a nan ma akwai gardama. Masu son a ji su tun daga kwana sun fi son mai rami, don ya fi amo. Masu son su ji kowane bugu daban-daban sun fi son rufaffe. Kowanne ka zaɓa, katakon ya zama mai kauri, a liƙe gaɓoɓinsa da gam kada iska ta sulale, a kuma ɗaure shi da bodi. Akwati mai nauyi da ke yawo a but, ranar da aka taka birki na gaggawa zai nuna halinsa. Amfilifayar ita ma a bar mata wurin shan iska. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40 a inuwa, to ina ga cikin but ɗin da ya wuni a rana, ga buhun shinkafa an jibga mata a kai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wasu suka koma gas, sai ga tukunyar gas ta cinye rabin but, ana ta shawarar ina wufa za ta zauna, ina safaya za ta koma.

Sai ranar gwaji. Kowa ya taru, kuma dole a samu wanda zai ce, "Oga, ƙara mata gen mana!" Wannan ɗan maɓallin ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne. In aka murɗe shi har ƙarshe sautin ya fara gurɓacewa, naɗin wayar da ke cikin wufa ya ɗau zafi, ka fara jin ƙauri. Ganga in ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Mai sani yana ɗaga shi kaɗan-kaɗan, da ya ji sauti ya fara ɓaci sai ya ja da baya. Ya saita maɓallin tace sauti wajen 80, yadda kauri kaɗai zai je wa wufa, muryar mawaƙi ta tsaya a sifikun gaba. Sai a sa Ali Jita ko Hamisu Breaker, wani dattijo ya ce a sa masa Shata ya ji kalangu, a sa masa, ya yi shiru yana kaɗa kai.

Abu ɗaya da nake alfahari da shi a layinmu: ba a taɓa kafa doka ba, amma kowa ya san inda ake rage murya. Gaban masallaci, ƙofar gidan da ake zaman makoki, bayan sallar isha'i in tsofaffi sun kwanta. Yaron da ya manta, ba a yi masa tsawa, wani babba ne zai tare shi gobe ya ce, "Ɗan'uwa, Baba Alhaji ba shi da lafiya, a riƙa sassautawa in an zo nan." Shi ke nan. Inda har yanzu ba mu kula ba shi ne kunnen yaran da muke ɗauka a kujerar baya, su ne mafi kusa da akwatin. Masana lafiyar kunne sun ce daga desibel 85 sauti ke fara yin illa in an daɗe a cikinsa, mota mai wufa da gilashi a rufe kuwa tana wuce 100 ba tare da wahala ba, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Amfilifayoyi da yawa suna zuwa da ɗan maɓallin bes mai doguwar waya da ake maƙalawa kusa da sitiyari. Mu kan bar shi a cikin kwali. A ce wa mai wayarin ya ɗaura shi tun ranar farko, yadda in an ɗauko yara daga Islamiyya hannu zai kai gare shi ba sai an buɗe but ba.