Daren da Bakano Ya Biya Kuɗin Kallo

Zuwa ga bawana na Kantin Kwari,

Gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Ina fata kasuwa ta yi albarka, ko da yake ko ta yi ba faɗa za ka yi ba. Ban taɓa jin an ce wa Bakano "ya kasuwa?" ya amsa da abin da ya wuce "sai a hankali" ba, ko da kuwa ranar dila goma ya sallamar.

Labari ya iske ni har Tudun Wada cewa kana bin rumfa-rumfa kana faɗa wa mutane wai na yaudare ka a Legas, na kai ka inda aka karɓi kuɗi sau biyu a dare ɗaya: a biya a ci, a kuma biya a kalla. Tunda ka kai ƙarata kasuwa, ni jarida zan kawo taka, don mu Zazzagawa da alƙalami aka san mu. A garinmu aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma dalilin da ya hana a kai ta Kano a fili yake. Ina za a samu Bakanon da zai sa hannu a kan cewa akwai abin da ya fi kwabo?

Don masu karatu su yi mana alƙalanci, wurin da na kai shi sunansa Terra Kulture, a kan titin Tiamiyu Savage da ke Victoria Island. Wata lauya ce, Bolanle Austen-Peters, ta kafa shi a 2003. Da ka shiga akwai gidan abinci, da ɗakin baje zane-zane, da wurin sayar da littattafai, har da ajin koyon Yarbanci da Ibo da Hausa. Na so in rubuta sunanka a ajin Hausar, sai na tuna za ka ce a biya ka kuɗin zama. A 2017 aka buɗe zauren wasa mai kujera 400 a harabar. Ɗari huɗu ba wani taro ba ne, ɗaurin auren 'yarka ya ninka haka, amma ƙanƙantar ita ce daɗin wurin, kuma ita ce ta tona maka asiri.

Mu fara da abinci, tunda nan ka fi ƙwazo. An miƙo maka takardar jerin abinci, sai ka fara karatu daga dama zuwa hagu. Na ɗauka ajami ya tuno maka, ashe farashi kake bi kafin ka duba sunan abin da za a ci. Ka tambayi yaron ko suna da gurasa bandashe. Ya ce babu. Ka ce garau-garau fa? Ya ce bai san shi ba. Ka dube ni ka ce, to me ake sayarwa a nan? Daga ƙarshe shinkafar ofada aka kawo maka da koriyar miyar nan tasu ta attarugu da manja, ga ganda da kayan ciki sun nutse a ciki. Lomar farko ka cire hula. Ta biyu ka kwance maɓallin wuya. A ta uku hawaye ya zubo, ka ce wai turaren wata mata ne a teburin baya ya shiga maka ido. Duk da haka ba ka bar ko ƙwaya ba, don a wurinka abin da aka riga aka rubuta kuɗinsa barinsa asara ce. Ka share naka, ka miƙo hannu cikin sakwarata da miyar agushi, wai kana ɗanɗana mini gishiri.

Na san me za ka ce: mai shan fate safe da yamma ina ya ga bakin yi wa wani dariyar abinci? Na ji. Amma ni dai ban nemi yaron ya ƙara mini gyaran nama ba, ban kuma tambaye shi ko in mutum ya zo da ruwansa daga gida za a rage masa wani abu ba.

A wurin tikiti kuwa yarinyar ta faɗi kuɗi, ka yi shiru irin na ɗan kasuwa, sannan ka taya rabi. Ta sake faɗa. Ka ce to mu biyu ne, nawa za ta sallama in sari ne? Da ta yi murmushi ta ce ba a ragi, ka juya kamar za ka tafi, kana jiran ta kira ka. Ba ta kira ba. Ni na biya, Allah ya gani, amma a Kwari an ce kai aka cuta.

Wasan da muka tarar shi ne Fela and the Kalakuta Queens, wanda aka fara nunawa a Disamba 2017. Labarin Fela Anikulapo-Kuti ne, mawaƙin Abekuta da ya rasu a 1997, amma ta bakin matan da suka zauna da shi, masu rawa da masu amshi, waɗanda ya aura su 27 rana guda a 1978. Da aka zo wurin auren na waiwaya in ga ko za ka yi salati, sai na tarar kana lissafi da yatsu. Ka raɗa mini cewa in kowace za a yi mata turmi biyu na atamfa da leshi ɗaya a ƙaramar salla, wanda ya samu wannan gida a matsayin kwastoma ya gama talauci. Ba ruwanka da shari'ar auren, ba ruwanka da kishin da matan ke yi a gabanka. Da aka fara rawa kuma ka sa tafin hannu ka rufe fuska kana a'uziyya. Na yaba, Alhaji. Sai dai ban taɓa ganin tafin hannu mai tagogi huɗu ba sai naka.

Ka saba da fim a waya, inda za ka tsayar da Ali Nuhu a tsakiyar magana ka je ka auna wa mai saye yadi biyar, ka dawo ka same shi yana jiranka bakinsa a buɗe. A nan mutanen da rai suke, gumin da ke goshinsu na gaske ne, makaɗan na nan a gabanka suna busa ƙaho, kuma yadda kake ganinsu haka suke ganinka. Shi ya sa da ofada ta fara aikinta kanka ya soma rinjaya, wata daga cikin matan ta tako har bakin dandamali ta tsura maka ido tana waƙa, sai da na zungure ka. Shi ya sa kuma da wayarka ta yi ƙara, duk da an roƙi kowa ya kashe tasa, zaure duka ya san cewa shaddar da ake tambaya ta ƙare sai wani mako. Ka ɗaga, Alhaji. Ka sunkuya ƙarƙashin kujera kana raɗa, raɗar Bakano kuwa ana jin ta daga Ƙofar Mata zuwa Sabon Gari.

Ga abin da ba ka faɗa wa 'yan Kwari ba. Tun a mota kake cewa wasan kwaikwayo ƙarya ce da aka yi wa ado, mai hankali ba ya biyan kuɗi a yi masa ƙarya. To da aka zo harin da sojoji suka kai gidan Fela na Kalakuta, wanda ya faru da gaske a Fabrairun 1977, aka ƙone gidan, aka lakaɗa wa matan duka, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga har ta rasu a shekarar da ta biyo, wa ya miƙe tsaye ya ce "Allah ya isa"? Wata dattijuwa Bayarabiya da ke gefenka, wadda ba ta jin Hausa, ta kama bakin rigarka ta zaunar da kai tana gyaɗa kai, ita ma idonta ya kawo ruwa. Wannan karon ba ka ce turare ba ne. Ba ka ce komai ba har aka kunna fitilu.

Da muka fito, kafin mu kai mota hankalinka ya dawo gida. Ka ce ka ƙirga kujeru, ka ninka da kuɗin tikiti, ka cire na makaɗa da 'yan rawa da ɗinkin kaya da man janareta, ka ga abin ba zai fitar da uwa ba balle riba. A nan kam na sara maka, don da wuya a samu malamin jami'a da zai gano haka cikin minti biyar. Kujerar da ba a zauna ba daren yau kwantai ce da ba a iya sayarwa gobe, ba kamar atamfarka ba da za ta yi shekara a kanta tana jiran mai rabo. Wasa kuma ba kullum ake yi ba, ya fi yawa a ƙarshen mako da lokutan bukukuwa. Ciki kuwa ba ya hutun Litinin. Wanda ya zo cin rana zai ga sanarwar wasa a bango, wanda ya zo kallo yunwa za ta tura shi teburi, mai jiran abokinsa ya sayi littafi. Ka lura ma da jerin yadda aka yi: tukunya ta yi shekara 14 tana tafasa a wurin kafin babban zauren ya tashi. A ganina ba don tukunyar ba da dandamalin bai tsaya da ƙafarsa ba.

Kada kuma ka raina ƙaramin ɗaki. Wakaa, ɗaya daga wasannin Bolanle ɗin nan, an ɗauke shi an kai Landan a 2016. A can Landan ɗin ma akwai wata tsohuwar masana'antar cakulan, Menier Chocolate Factory, da aka mayar gidan wasa mai kujera 180 haɗe da gidan abinci a 2004. A wannan ɗan ɗakin Cynthia Erivo, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta fito a The Color Purple a 2013, aka kwashi wasan zuwa New York, ta ci kyautar Tony a 2016.

Abin da ke ba ni haushi da kai shi ne yadda kake yi kamar haɗa ci da kallo baƙon abu ne da Yarbawa suka aro wa Turawa. Yaushe ake tashe in ba bayan an sha ruwa ciki ya ɗauka ba? Kai kanka ka ɗaura tsumma ka bi gida-gida, kuma na tabbata kai ne mai riƙe jakar hatsi. Yaushe ake kalankuwa in ba bayan kaka ba, rumbu cike? Tatsuniya ma sai an kwashe kwanukan tuwo ake buɗe ta. Kuma naku ne, Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi yake rubuta wasan kwaikwayo yana caccakar masu zalunci da shi. Sunan ɗaya daga ciki ma shaida ce a kanku: Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Ba ni na faɗa ba, ɗan gida ne.

Mu a Zariya muna da dandamali. Ka zo Samaru ka ga gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, zanen wani Ba'amurke, Steven Ehrlich, lokacin da Michael Etherton ke kafa karatun wasan kwaikwayo a wurin. Ɗakuna ne zagayayyu kewaye da fili, irin tsakar gidan kakanninmu, mai kallo da mai wasa kusan gwiwa da gwiwa. Mu muka ba ku Ƙasimu Yero kuka yi ta dariyar Karambana kyauta a talabijin. Abin da muka rasa kuɗi ne, don albashin malami ba ya gina gidan abinci. Ku kuma kun tara kuɗin, kun tara 'yan wasa tun daga Turmin Danya na 1990, kun cika gari da gidajen abinci masu sanyin na'ura, amma in mutum ya ce yau zai ɗauki iyalinsa su ci tuwo su ga wasa ido da ido, sai ya yi ta zagaye gari.

Na san abin da ke ranka. Za ka tuno mini da ƙauyen fim da aka so ginawa a Kofa a 2016, aka yi ca har gwamnati ta janye. Ban manta ba, kuma ban ce a kwaso rawar Kalakuta a dire a bakin Kurmi ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Zaure nake nufi mai ɗaukar mutum ɗari da hamsin, a fara bayan isha'i a tashi kafin goma, ɓangaren iyali daban, ba abin sha sai zoɓo da kunun aya. A ci gurasa da tsire, a shiga a ga wasan alƙali da mai gardama, ko na ɗan kamashon da ya sayar da fili ɗaya ga mutum uku. Wannan na ƙarshen ba sai an wahala neman wanda zai fito a ciki ba, layinku kaɗai ya isa.

Saboda haka ga tayina, kuma ba ragi. Kai ka kawo fili da jari, ni in kawo yara daga Samaru, a rubuta fate a saman takardar abinci da manyan baƙaƙe. Kuɗin tikitin da na biya maka kuma na haɗa shi da kuɗin sharar bana da na bara, in watan cika-ciki ya kama zan aiko a karɓa, kada ka ce ubangida ne ke bayarwa, don wannan shari'ar ba a gama ta ba tun zamanin kakanni.

Af, na kusa mantawa. Hajiyarka ta bugo wa uwargidana tana tambaya wane irin taron 'yan kasuwa ne aka yi a Legas da ya kai ku har sha ɗayan dare, ka kuma dawo kana kaɗa ƙafa a kan tabarma kana busa da baki. Na ce a gaya mata ni ba na shiga tsakanin miji da mata, amma ta sa yaro ya sayo mata jaridar yau.

Naka, ubangidanka na Zazzau.