Wasiƙa Zuwa Ga Injin Niƙa Na Tungar Guru

Zuwa ga Malam Injin Niƙa,
Tungar Guru, Bukkuyum.

Ya aiki, ya tsadar mai? Takarda na rubuto maka domin tun da aka kafa ka ba ka taɓa yin shiru ka saurari kowa ba. Yaron da ke zuba maka hatsi kuwa, in aka ce masa "ina kwana" sai ya ce "tiya nawa?"

Alherinka ba ɓoyayye ba ne. Ka raba iyayenmu mata da durƙuso a gaban dutsen niƙa, ka ba turmi da taɓarya hutu. Duk wanda ya ci tuwon laushi ba zai buɗe baki ya zage ka ba.

Sai dai kana da tsohuwar shari'a a garin nan. Lokacin da zinari ya yi tsada, aka riƙa ba ka dutsen da ake fitar da zinari daga cikinsa a maimakon gero, a tsakar gidaje, kai kuma ba ka ce a'a ba. Dutsen cike yake da dalma, ƙurarsa ta kwanta inda yara ke rarrafe. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara. Sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma da garinmu, Allah Ya jiƙansu. Aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa. Ƙauyen Bagega ma sai 2013 aka kai gare shi. Dalmar nan tana cin jijiyoyi, har da ta ji. A wannan ban ɗora maka kai kaɗai ba, abin da aka zuba maka ka niƙa.

Amma ƙara fa? Wannan taka ce halak malak, kuma har yau ba wanda ya kai ka gaban hakimi a kanta, don kurumta ba ta sa a haƙa kabari.

Tunda kai ba ka da kunne, bari ka san abin da kake ɓarnatarwa. Sauti yana bin ramin kunne ya bugi dodon kunne, wata 'yar fata mai shara-shara, ta yi rawa. Bayanta akwai ƙasusuwa 3, mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, suna miƙa wa juna rawar har can ciki, inda wani ɗan kwarkwaro mai naɗin katantanwa yake cike da ruwa. A cikinsa ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000 ke jere. Ruwa ya motsa, gashin ya sunkuya, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. Ta nan ake jin kiran salla, ta nan uwa ke gane kukan ɗanta cikin na yara goma.

Gashin nan tamkar ɗanyar shuka yake. Shanu su ratsa ta sau ɗaya, gobe ta miƙe. Su maishe ta burtali, ta tafi ke nan. Kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Kaza, da duk rainin da muke mata, Allah Ya ba ta wannan baiwa, nata yana sake tsirowa. Mu ba a ba mu ba.

Masana suna auna ƙara da desibel. Hirar mutum biyu tana wajen 60. A 85, awa 8 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a yini, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15. Ba sai an zo da na'ura an gwada ka ba. In mutum yana tsaye kamu ɗaya da wani amma sai an ɗaga murya zai ji, an haura 85. A gabanka kuwa da hannu ake ciniki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne salon satarka. Ba ka kwashe ji gaba ɗaya. Siraran sautuka kake fara ɗauka, irin su "s" da "sh" da "f", sai mutum ya ji ana magana amma bai rarrabe ta, ya ce yaran yanzu ƙunƙuni suke yi. Da dare in ka kwanta, kunnen yaronka ya ci gaba da tsuwwa, ya ce ai ya saba da kai. Bai saba ba, ji ne yake raguwa. Daga nan ya zaci dauɗa ce ta toshe, ya kamo gashin kaza ko tsinken ashana ya shiga sakace, ya tura dauɗar ciki, wani lokaci har ya huda dodon kunnen da kai ka bari lafiya.

Ban ce ka bar gari ba, ina za mu kai geronmu? Ka dai yarda a ɗaure maka kusoshin da suka kwance, a sa maka mai a gaɓoɓi, a mayar maka da salansar da ta ɓalle tun bara. Mai kula da kai ya samo abin toshe kunne na soso ko na roba. Audugar da yake cusawa kwantar da hankali take yi kawai, ƙara na ratsa ta. Ya riƙa fita yana hutawa tsakanin buhu da buhu. 'Yan matan da ake aiko wa niƙa da ƙannensu goye a baya, a kafa musu benci can nesa ƙarƙashin bedi, in garinsu ya fito a yafito su.

Ka isar da saƙon nan ga ƙaninka janareta, da lasifikar gidan biki, da babur ɗin da samari suka fasa wa salansa don a san sun wuce. Ita kuwa 'yar igiyar da suke cusawa a kunne suna jin waƙa daga waya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ke cikin haɗarin rasa ji saboda irinta da wuraren casu. Tata wasiƙar na nan tafe.

Naka,
Maƙwabcinka na bayan katanga.