Digirin Wata Goma Sha Biyu da Hoto Dubu

Yaron da ya yi digirin shekara huɗu a cikin shekara shida, albarkacin yajin aikin ASUU (na 2020 wata tara, na 2022 wata takwas), idan aka ce masa a Ingila digiri na biyu wata 12 ne cur, babu ragi babu ƙari, ai dole jikinsa ya ɗauki rawa. Wani ya samu tallafin karatu na PTDF, wani Baba ya rufe ido ya sayar da filin da ake ajiye wa ranar tsufa, wani kuma kawu ɗan majalisa ne ya tuna da zumunci. Haka 'ya'yanmu suka watsu a Kobentiri da Bamingam da Manchesta, kowa da jakar kilishi da dakakken yaji da kuka.

Makon farko babu ruwansa da aji, na hoto ne. Makarantarsa tana can wani gari mai nisan awa uku da Landan, amma sai ya shiga jirgin ƙasa ya je ya tsaya a gaban agogon Big Ben, hannu a aljihu, ido a sama, kamar shi aka ba kwangilar gyaran agogon. A ƙasan hoton ya rubuta Alhamdulillah. Mutum ɗari uku su ce Allah ya sanya albarka. A cikinsu har da waɗanda suke binsa bashi.

Sai ranar shiga aji. An ce ƙarfe tara, shi kuma ya fassara ta da irin taran da ya sani, wadda ake fara haramar wanka idan ta buga. Ya isa tara da minti ashirin, ya tarar an yi nisa, kuma sunan kowa ya shiga na'ura. Abokin da zai sa maka hannu a takardar halarta babu shi a nan. Idan fashin ya yi yawa, makaranta ce da kanta za ta sanar da hukumar shige da fice, biza ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Yaron da mahaifiyarsa ta yi shekara ashirin tana fama da shi ya tashi da wuri, sai ga shi tsoron Bature ya gyara shi a mako biyu.

Malamin ma abin kallo ne. Farfesa guda, mai littattafai, ya zo a kan keke da wandon jins, ya jingine keken da kansa, ya ce kowa ya kira shi da sunansa na yanka. Ɗanmu ya ji abin ya tsaya masa a maƙogwaro. Yaya zai buɗe baki ya kira sa'an ubansa da suna gatsal? Sai ya rusuna, ya miƙa hannu biyu zai karɓi jaka, Farfesa ya ƙanƙame jakarsa yana kallonsa da mamaki. Da aka tashi, ya zagaya yana neman shugaban aji don ya ji nawa ake sayar da takardun malam, tunda a saninsa wanda bai saya ba ya san makomarsa. Aka ce masa komai yana intanet, kyauta. Nan take ya fara zargin makarantar ba ta da inganci.

Ya duba jadawali ya ga awannin aji a mako ba su taka kara sun karya ba, ya bugo gida yana cewa karatun Turawa wasa ne. Bai lura da jerin littattafan da aka liƙa wa kowane darasi ba. Sauran lokacin da ya ɗauka hutu ne, na zaman laburare ne, kuma babu mai bin ka da bulala.

Inda ake yin ta shi ne zaman tattaunawa, inda ɗalibai kaɗan ke kewaye tebur. Malam ya juyo ya ce masa, "Kai me kake gani game da wannan marubucin? Ka yarda da shi?" Ɗanmu ya waiwaya baya ko da wani ake. Tun daga firamare har jami'a babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake gani. An koya masa cewa yawan tambaya rashin kunya ne, musu da malami kuwa neman maimaita kwas ne. Ga wata yarinya 'yar shekara ashirin da biyu tana ce wa Farfesa hujjarsa ba ta gamsar da ita ba, shi kuma yana gyaɗa kai yana murmushi har da rubutawa. Namu ya yi salati a zuci, yana jiran a kore ta. Ita ce ta fi kowa maki a ƙarshen zango. Ni dai ban ga laifin yaron ba a nan. Mu muka raine shi a kan cewa ilimi haddar maganar babba ce, sannan muka sayar da fili muka tura shi inda ake ba da maki a kan iya ja da babba cikin ladabi da hujja.

Rubutun farko shi ke fasa ƙwai. A gida, mayar wa malam kalmominsa harafi da harafi shi ne biyayya, har a yi maka kirari da mai ƙwaƙwalwa. A can sunan abin sata. Akwai wata manhaja, Turnitin, wadda ba ta san ɗan gidan wane ba ne, ba ta karɓar goro, ba ta jin magiya. Kana tura aiki za ta shafa wa duk layin da ka kwaso launi, ta faɗi inda ka kwaso shi. Ɗanmu ya buɗe nasa ya ga shafi ya koma atamfa. Yanzu kuma ChatGPT ta shigo, wasu sun ɗauka sun samu aljanin da zai yi musu noma, sai an kira su gaban kwamiti an ce su yi bayanin sakin layi na uku, a ji tari ya sarƙe su.

Uzuri ma ba ya ci. An ɗauke wuta? Ba a ɗaukewa. Sabis ya ƙi? Laburare na buɗe. Wa'adin tura aiki ya wuce da minti ɗaya, kwamfuta ta rubuta ka makara, a yanki maki. Kakar nan baiwar Allah, wadda ta rasu sau uku lokacin digirin farko, kowane zuwan jarrabawa, idan aka sake kashe ta a can sai a yi maka ta'aziyya da fuskar tausayi, sannan a ce ka kawo takardar shaida.

A digiri na biyu 50 ne cin jarrabawa, 60 ka yi ƙoƙari, 70 ka yi fice. Wanda ya saba zama zakaran aji a gida sai ya ga 54, da bayani mai taushi a ƙasa wanda sai ya karanta sau uku zai gane cewa wankin babban bargo aka yi masa.

Duk wannan a gida babu wanda ya sani, domin babu mai tambaya. Hajiya in ta kira, "Ya sanyi? Kana dai cin abinci ko?" Baba, "Kana salla a kan lokaci?" Ya ce yana yi, bai faɗa masa cewa a Disamba azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke rufto masa ba, rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, yana tsakiyar aji. Ƙanne kuwa darasi ɗaya suka iya: fam nawa yau? Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, har fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, kowa a dangi ya zama ɗan canjin Wapa. Suna lissafin abin da yake samu da naira, babu mai lissafin kuɗin haya da ragowar kuɗin makarantar da Baba yake turawa da wannan nairar da ta rame. Wannan na son waya, waccan ankon biki, Yaya kuma jari kaɗan yake nema, "ba yawa, ko fam ɗari biyar."

Alhali doka awa 20 kacal ta yarda ɗalibi ya yi aiki a mako lokacin karatu. Aikin kuma ko ɗaukar kwalaye a rumbun kaya cikin dare, ko gidan kula da tsofaffi. Yaron da bai taɓa wanke kwanon da ya ci tuwo ba, yau shi ke yi wa tsohon Bature wanka yana lallashinsa. Ya gaya wa gida yana aiki a ɓangaren lafiya. Kafin labarin ya kai ƙarshen layi, Hajiya ta riga ta zama uwar likita. Amaryar da aka ɗaura wa aure da alkawarin za ta biyo shi, ita ma tana nan tana jira, don tun Janairun 2024 an hana masu irin wannan digirin tafiya da iyali.

Daga Yuni zuwa Satumba sai kundin bincike, kalma kamar dubu goma sha biyar. A nan ne hotuna ke ɗaukewa a Facebook, har dangi su fara cewa ya samu duniya ya manta da mutane. Bai samu komai ba, yana laburare da jajayen idanu yana cin taliyar Indomie. Ranar yaye ɗalibai ya ari riga da hula na 'yan awanni, ya yi hoton da zai ishe shi shekara goma, sannan ya dawo da wani sabon lanƙwasa harshe wanda ko Baturen ba haka yake magana ba.

Don haka Hajiya, in ya bugo waya ranar Juma'a, kafin a kawo zancen anko, a daure a tambaye shi maki nawa ya ci a rubutun da ya wuce. In kin ji ya ce layi ba kyau, to 52 ne.